Awon Lafiya Daga Bakin Majiyyaci



Maganar da zan yi muku yau ta shafi wata takardar tambayoyi wadda ma'aikacin lafiya kan miƙa wa majiyyaci, ko ya karanta masa, don ya faɗi da bakinsa yadda yake jin jikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka ɓata lokaci ne, sai su amsa da ka don a sallame su. Ina so in bayyana muku amfaninta, da yadda ake zaɓenta, da yadda ake lissafa makinta, da kuma abin da makin yake nufi.

Likita yana da ma'aunin zafin jiki da na hawan jini, yana kuma iya ɗaukar hoton ƙashi. Amma babu na'urar da za ta gaya masa ko manomi ya iya sunkuyawa ya yi noma, ko uwar gida ta sami barci daren jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, ya bayyana cewa lafiya ta haɗa da jiki da hankali da zaman jama'a, ba rashin cuta kaɗai ba. Saboda haka masana suka tsara tambayoyi waɗanda ake mayar da amsarsu lambobi. A Ingila, tun daga 2009 ake ba irin wannan takarda ga waɗanda aka canza wa ƙugu ko gwiwa a asibitocin gwamnati, kafin aiki da bayansa.

Da farko, zaɓe. Ma'aunan nan iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya, kamar SF-36 mai tambayoyi 36, wanda aka wallafa a Amurka a 1992, da EQ-5D na ƙasashen Turai, mai tambaya a kan abubuwa biyar: tafiya, kula da kai, ayyukan yau da kullum, ciwo, da damuwa. Da irin waɗannan ake kwatanta masu cututtuka daban-daban. Akwai kuma na cuta guda, kamar Oswestry na ciwon baya, wanda ya fito a 1980, da PHQ-9 na ciwon baƙin ciki. Su sun fi gano ƙaramin canji a cikin cutar da aka yi su dominta. Kafin ma'aikaci ya zaɓa, wajibi ne ya san abin da yake so ya auna, ya kuma tabbatar an jarraba ma'aunin a harshen da majiyyaci yake ji.

A nan ne aikinmu na masu fassara ya shigo. A cikin SF-36 an kawo misalin wasan golf da tura na'urar share ɗaki don a nuna aiki mai matsakaicin nauyi. In aka karanta wa tsohuwa a ƙauye wannan, me za ta amsa? Tilas a nemo aikin da ya yi daidai da nauyinsa, kamar shara ko ɗebo ruwa. Ƙa'idar ita ce mutum biyu su fassara, kowa shi kaɗai, wani dabam ya mayar da fassarar harshen asali a gwada, sa'an nan a jarraba ta a kan majiyyata. Ta irin wannan hanya aka mayar da Oswestry zuwa Hausa. Fassarar da ma'aikaci ya yi a tsaye, yau wata kalma gobe wata, ba ta zama ma'auni.

Na biyu, lissafi. Mu ɗauki Oswestry. Sassansa goma ne, kowane daga 0 zuwa 5, jimla 50, sai a mayar da ita kashi cikin ɗari. Wanda ya sami 18, makinsa kashi 36 ke nan. Amma akwai sashen da ya shafi auratayya, wanda wasu kan tsallake don kunya. In mutum ya tsallake shi, ya kuma sami 18, da 45 za a raba, sai makinsa ya zama kashi 40. Wanda ya rubuta sifiri a gurbin da ba a amsa ba ya rage wa majiyyaci ciwonsa a takarda. Har ila yau a lura da inda ma'auni ya fuskanta. A Oswestry, yawan maki yawan wahala ne. A SF-36 kuwa, da ma'aunin 0 zuwa 100 na EQ-5D, yawan maki yawan lafiya ne.

Na uku, fahimtar maki. PHQ-9 tambayoyi tara ne a kan makonni biyu da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 5 alamar ciwo ne mai sauƙi, 10 matsakaici, 15 mai ƙarfi, 20 mai tsanani. Duk da haka maki ba hukunci ba ne. Yana nuna wanda ya kamata likita ya zauna da shi ya bincika sosai. Tambaya ta tara kuwa ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai. Ko da jimlar mutum kaɗan ce, in ya amsa wannan da abin da ya wuce sifiri, kada a bar shi ya tafi ba a tattauna da shi ba.

Bugu da ƙari, ba kowane canjin lamba ne sauƙi ba. A ma'aunin zafin ciwo na 0 zuwa 10, binciken da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa ragin wajen maki biyu, ko kashi 30 cikin ɗari, shi ne wanda masu daɗaɗɗen ciwo suke ji a jikinsu cewa sun sami sauƙi sosai. Kuma da ma'auni ɗaya ake awo kafin magani da bayansa, in ba haka ba kwatancin ya rushe.

Yanzu ga roƙona gare ku. Mun saba in an tambaye mu jiki mu ce da sauƙi, ko muna kwance. Wannan ladabi ne a gaisuwa, amma a gaban wannan takarda yana iya sa a tsayar da maganin da ake bukata, ko a ci gaba da wanda ba ya aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada miji ya amsa wa matarsa, kada ɗa ya amsa wa mahaifinsa. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a keɓe, kalma da kalma, ba tare da an nuna masa amsa ba. In ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita. Ka kuma tambayi makinka, ka riƙe shi, don ran da ka koma ka kwatanta da na ranar.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.