Ina aka rubuta labarin garinmu?

 

Yau hirarmu a kan littattafan tarihi take. Ba tarihin Yamai ko Damagaram ba. Tarihin ƙananan garuruwa irin namu. Mu ɗauki Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram, mu ga wa ya rubuta labarinta.

A farkon shekarar 1851 wani Bajamushe ya sauka Tasawa tare da ayari daga Abzin. Sunansa Bart, amma a hanya ana kiransa Abdulkarimu. Ya shiga kasuwa, ya duba, ya rubuta. Ya ga yadda fatake suke ƙirga wuri biyar-biyar, aikin da yake cin lokaci mai yawa. Littafinsa ya fito a 1857, da Jamusanci da Ingilishi. Kun ga, ba don mutanen Tasawa aka buga shi ba.

Bayan shekara hamsin da ɗoriya sai ga ƙungiyar kyaftin Tilo, wadda ta zo shata iyaka tsakanin ƙasar Faransi da ta Ingilishi. Cikinsu akwai wani tafinta, Landarwan, mai jin Hausa. Yakan zauna da sarakuna da dattawa, yana tambayarsu wa ya ci sarauta bayan wa. An buga abin da ya tara a 1911, da Faransanci. Aiki ne mai amfani, har yau masana suna duba shi. Amma ku lura: a fada ya zauna. Mai fada kuwa labarin gidansu zai ba ka. Marina da maƙera da mata masu daka, ba su ne aka kira ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. A watan Yuli na 1899 rundunar Bule da Shanwan ta iso ƙasar Tasawa, bayan ta ƙone garuruwa tun daga yamma, har da Birnin Ƙonni. A Ɗankori Bule ya sa aka harbe kanar Kulob, ran 14 ga wata. Kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Bule da Shanwan a wajen Maijirgi. Littattafan Nasara sun riƙe sunan waɗannan mutum uku, da ranar mutuwarsu. To, talakawan da aka kashe fa? Wace unguwa? Ɗiyan wa? A nan takarda ta yi shiru. Waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Sauran jikoki da tattaɓa kunne, su ma furfura ta kama su.

Kada wani ya ce wannan aikin Nasara ne. Bubu Hama, ɗan ƙasarmu, ya rubuta littafi guda a kan ƙauyensu, Foneko, a ƙasar Tera. Ya fito a 1970. Shi ne kuma ya sa hannu aka tara tsofaffin takardun Larabci da ajami, waɗanda aka ajiye a Yamai.

Ku ma kuna iyawa. Ku sayi kaye guda da bik. Ku je wurin tsoho da hantsi, ko bayan la'asar, da ɗan goro. Kada ku manta da tsofaffin mata. Su suka san wa ya auri wa. Idan malamin garinku yana da takardu a gafaka, ku roƙe shi ya karanta muku, amma kada ku ce ya ba ku aro.

A kan kowane shafi ku sa sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Tsoho ba zai ce muku 1914 ba. Cewa zai yi shekarar Kakalaba, wato babbar yunwa. Ku rubuta yadda ya faɗa, daga baya mu sa lamba tare. In mutum biyu suka saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku yi musu shari'a.

Wanda ya cika shafi uku, ya kawo wa malamin ajinsa, a karanta a gaban kowa. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.