An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Iyayen Amurka, Takunkumi da Karatun Intanet

 

Ba wanda ke zauren nan da za a tuna wa yadda korona ta zo ko yadda aka yi kulle. Maganar wannan lacca guda ɗaya ce. A rigimar da iyayen yara suka tafka a Amurka daga 2020 zuwa 2022, takunkumin fuska ne ya kwashe hayaniya, rufe aji kuwa shi ya yi ɓarnar. Abin da ya sa aka ɗauko zancen ƙasa mai nisa shi ne, har gobe akwai jami'an ilimi da wasu abokan aiki a nan gida waɗanda da zarar an rufe makaranta, bakinsu ɗaya: sai a koma intanet.

A fara da hayaniyar. Daren 10 ga Agusta 2021, a gundumar Williamson da ke kudu da Nashville, ɗaya daga cikin gundumomin masu hannu da shuni a jihar Tenesi, hukumar makarantu ta wajabta takunkumi a firamare. Wasu likitoci da ma'aikatan jinya, cikinsu har da iyayen yara, sun tashi a taron sun goyi baya. Da aka fito, gungun wasu iyaye suka tare su a wurin ajiye motoci. Hoton bidiyon ya karaɗe duniya: maza sun kewaye mota, suna nuna mutumin da ke ciki da yatsa, suna daka masa tsawa cewa sun san shi kuma za su nemo shi, sai da jami'an tsaro suka buɗe masa hanya. 'Ya'yan masu tsawar da 'ya'yan waɗanda ake yi wa tsawar makarantun gunduma ɗaya suke zuwa.

Makonni kaɗan kafin nan, gwamnan Fulorida Ron DeSantis da na Texas Greg Abbott sun hana makarantu tilasta takunkumi. Wasu gundumomi suka yi kunnen ƙashi, har Fulorida ta riƙe kuɗin albashin 'yan hukumar makarantu a Broward da Alachua. Iyayen yara masu nakasa da masu raunin garkuwar jiki suka garzaya kotu, suna cewa idan sauran yara suka cire takunkumi, an kori nasu daga aji ke nan. A ƙarshen Satumba, ƙungiyar hukumomin makarantu ta ƙasa ta rubuta wa Shugaba Biden cewa barazanar da ake yi wa mambobinta na iya zama wani nau'in ta'addancin cikin gida. Wata guda bai cika ba ta nemi afuwa kan lafazin, amma magana zarar bunu ce. A Nuwamba, Glenn Youngkin ya ci gwamnan Bajiniya da taken 'yancin iyaye, bayan abokin karawarsa ya yi suɓul da baka cewa bai ga ya dace iyaye su riƙa gaya wa makarantu abin da za su koyar ba.

To, me bincike ya ce kan takunkumin da ake wannan ɗauki-ba-daɗi a kansa? Kansa ya rabu. A yankin Boston an ga ƙarin kamuwa a makarantun da suka cire shi a 2022. A Kataloniya ta ƙasar Sifen an gwada 'yan shekara 5 da ba sa sawa da 'yan shekara 6 da ke sawa, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a fara daga shekara 2. Masana biyu masu gaskiya za su iya saɓawa a nan su kuma tashi lafiya. Yaron da ya sa ƙyalle a hanci dai yana gaban malaminsa, yana ganin allo.

Yanzu sai babbar magana, kuma a nan mai wannan lacca zai daɗe.

A watan Mayu 2022, wata tawaga da ta haɗa da Thomas Kane na Jami'ar Harvard da Dan Goldhaber ta fitar da nazari kan sakamakon jarrabawar yara miliyan 2.1 a makarantu kusan 10,000. Amfanin nazarin shi ne ba matsakaicin ƙasa suka duba ba. Sun ware makarantu gida-gida, ciki har da waɗanda suka buɗe da waɗanda suka zauna a intanet a shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021. Sannan a cikin kowane gida suka ware makarantun talakawa da na masu hali.

Inda aka koma aji da wuri, asarar lissafi ta kai kwatankwacin karatun mako 7 zuwa 10, kuma ɗan talaka da ɗan mai kuɗi kusan asara ɗaya suka yi. Inda aka shafe yawancin shekarar a gaban kwamfuta, makarantun masu hali sun yi asarar kimanin mako 13. Makarantun talakawa kuwa, mako 22.

A tsaya a kan 22 ɗin nan. Shekarar karatu a Amurka kwana 180 ce, wato mako 36. Ɗan talakan da aka zaunar a gida ya rasa fiye da rabin shekara a lissafi, alhali a takarda bai yi fashi ba, sunansa na cikin rajistar Zoom kowace safiya. Annoba ɗaya ce ta faɗa wa kowa. Talakan gundumar da ta buɗe shi ma ya rasa aiki, shi ma ya binne 'yan uwa, amma tazarar da ke tsakanin ɗansa da ɗan attajiri ba ta ƙaru ba. Tazarar ta buɗe ne a inda aka kulle ƙofar aji. Wannan ya rushe hujjar da aka fi rerawa, cewa wai damuwar annoba ce kawai ta dagula karatu, ba rufe makaranta ba. Da haka ne, da ba a sami 10 a wani wuri 22 a wani ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Agusta 2020 an ɗauki hoton wasu 'yan mata biyu a garin Salinas na Kalifoniya, zaune a dandamalin siminti a wajen shagon Taco Bell, kwamfuta a cinya, suna aikin makaranta da intanet ɗin shagon domin babu a gida. Tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota daga nan zuwa kwarin da manyan kamfanonin fasahar duniya suke. Ɗan mai kuɗi yana da ɗaki, da tebur, da uwa ko uba mai aiki daga gida da ke leƙo shi. Wasu iyayen ma haɗa kuɗi suka yi suka ɗauki malami ya koyar da 'ya'yansu biyar ko shida a falo. Uwar da ke goge-goge a asibiti ko tsaron kanti tun asuba ta fita, ta bar babbar 'ya da rainon ƙanne da waya ɗaya.

Ko inda intanet ya wadata abin bai canza zani ba. Holan na cikin ƙasashen da suka fi kowa intanet mai ƙarfi, kuma mako 8 kacal ta rufe firamare a kullen farko na 2020. Masu bincike daga Jami'ar Oxford sun gano yaran sun rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na karatun shekara, daidai da tsawon rufewar. Ma'ana, zaman gida bai ƙara musu komai ba. A gidajen da iyaye ba su yi nisa a karatu ba, asarar ta ɗara da har kashi 60 cikin 100. Jarrabawar ƙasa ta Amurka ta 2022 ta zo ta tabbatar: lissafin 'yan aji takwas ya faɗi da maki 8, na 'yan aji huɗu da maki 5, faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awon. Yaran da suka saba da fashi sun tashi daga kusan kashi 15 kafin annoba zuwa kusan 28.

Masu kare rufewar suna da amsa biyu. Ta farko, wai ba wanda ya san komai a lokacin. A Maris 2020, an yarda. Amma Denmak ta buɗe ƙananan azuzuwa tun 15 ga Afrilu, Suwidin ba ta taɓa rufe firamare ba, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a mayar da yara aji tun Yuni 2020. Ta biyu, wai makin Kalifoniya da ta daɗe a rufe bai faɗi fiye da na Fulorida da ta buɗe ba. Matsakaicin jiha ke nan, wanda ke cuɗa ɗan mai gida da ɗan mai gadi. An riga an amsa.

Abin takaici, ba yawan masu cutar ne ya fi yanke hukuncin buɗewa ba. Bayan Shugaba Trump ya matsa a buɗe a Yuli 2020, zancen ya koma na jam'iyya. Bincike fiye da ɗaya, har da na cibiyar Brookings, ya nuna cewa yadda gunduma ta yi zaɓe ya fi alƙaluman cutar nuna ko za ta buɗe. Wasu suka ƙara da ƙarfin ƙungiyar malamai. A San Faransisko, hukumar makarantu ta zauna a Janairu 2021 ta amince a canja sunayen makarantu 44, har da masu sunan Lincoln da Washington, azuzuwa kuwa na garƙame. Sai da gwamnatin birnin ta kai hukumar makarantunta ƙara. A Fabrairu 2022 masu zaɓe suka yi wa mambobi uku kiranye da gagarumin rinjaye, a birnin da babu mai zarginsa da son Trump.

Kuskure ne kuma a ɗauka duk iyayen da suka so zama a gida masu tsoron banza ne. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta 2020 ta nuna kashi 62 na iyaye farar fata suna son a buɗe, baƙar fata kuwa kashi 46. Baƙar fatar ne cutar ta fi kashewa, su ne ke zaune da kakanni a gida ɗaya, kuma sun san tsofaffin gine-ginen da 'ya'yansu ke karatu, masu tagogin da ba sa buɗuwa. Wanda bai taɓa gyara maka taga ba, da wuya ka yarda in ya ce iska ta wadata. Aikin hukuma shi ne ta gyara tagar ta rarrashi iyayen. Ta zaɓi ta miƙa musu kwamfuta.

A Najeriya an rufe makarantu a Maris 2020. 'Yan ajin ƙarshe sun koma ranar 4 ga Agusta saboda WAEC, saura sai wajen Oktoba. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun sa darussa a rediyo da talabijin, makarantun kuɗi suka koma WhatsApp. Kowa a nan ya san yadda ta kaya: waya ɗaya ce mai kyau a gidan, maigida ya fita da ita, in ya dawo babu data, ko tana wajen mai caji. Ba a gama farfaɗowa ba aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba, na Jangebe a Fabrairu 2021, aka sake rufewa a jihohi da dama. Idan Holan ba ta ci ribar karatun gida ba, da me ƙauyen da bai ga wutar lantarki ba zai ci?

Shawarwarin mai wannan lacca tsofaffi ne, wasu a zauren nan sun gaji da jin su. Firamare ta zama ta ƙarshe wajen rufewa, ta farko wajen buɗewa, kuma duk umarnin rufewa ya zo da ranar sake dubawa a rubuce. In cunkoso ne matsalar, a raba yara safe da yamma, ko a fito da aji ƙarƙashin inuwa. In tsaro ne, a mayar da su wata makarantar a cikin gari. Kuɗin da za a kashe a kan ƙananan kwamfutoci da bikin ƙaddamarwa a sa shi a tagogi, ruwa da malamai. A riƙa kiran iyaye kafin a yanke hukunci, ta kwamitocin kula da makarantu da ke akwai, ba su ji a rediyo da daddare ba. Sannan duk lokacin da aka buɗe, kowane hedimasta ya gwada karatu da lissafin yaransa a makon farko, ya kuma ɗauki tsohuwar rajista ya bi gida-gida neman waɗanda ba su dawo ba, musamman 'yan mata. Sakamakon WAEC da NECO ba zai nuna yarinyar da ta ɓace daga aji huɗu na firamare ba. Ma'aikatun ilimi na jihohi su buga waɗannan alƙaluman, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kafin ƙarshen zangon.