Dukan Iyali da Neman Zama Ɗan Ƙasa a Amurka

A Amurka dukan mata kan hana baƙo zama ɗan ƙasa.

Da zarar mai takardar zaman dindindin ya cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa, hukumar shige da fice ta USCIS za ta tura zanen yatsunsa ga FBI, ta tone halinsa na shekara 5 baya. In an taɓa yi masa shari'ar duka, ko kotu ta goge ta, dole ya bayyana ta, don ɓoyewa kaɗai ta isa a yi watsi da buƙatarsa.

Tun 1996 doka ta halatta tasa ƙeyar baƙon da kotu ta kama da laifin dukan iyali. In hukuncin duka ya kai ɗaurin shekara guda, ko na talala ne, ƙofar zama ɗan ƙasa ta rufe har abada. Shi ya sa lauyoyi ke cewa a tuntuɓe su kafin a miƙa takarda.