Amarenmu da Suka Dawo Gida: Mene ne Namu a Ciki?



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, Ma'aji da Magatakarda, 'yan'uwa da suka yi sammako daga Ikara da Paki, daga Hunƙuyi da Likoro, da mu na nan Makarfi da Gimi da Tashar Yari, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Da aka ce mu ne za mu yi magana yau, sai da gabanmu ya faɗi. Mu 'yan kasuwa ne, bakinmu ya fi sabawa da "albarka" da "ƙara dai". Da girmanmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan takarda da hannunmu muka rubuta ta, dare huɗu muna yi muna gogewa. In kun ji mun yi tuntuɓe wajen karatu, a yi mana haƙuri.

Lissafin shekara Ma'aji za ta karanto mana shi. Mu abin da muka zo da shi wani abu ne da ya shiga gidajenmu da yawa, muna ta maganarsa a bakin rumfa da wajen suna, amma ba mu taɓa kawo shi gaban ƙungiya ba. Maganar 'ya'yanmu ce sababbin aure, waɗanda suka tare a birni, zama ya gagara, suka kwaso kaya suka dawo kusa da mu, ango na neman aiki, amarya na zaune.

Da can mun san yadda abin yake. Yaro ya yi aure, ya ɗauki matarsa sai Kaduna ko Kano ko Abuja, wani har Legas, sai salla a gan su da tsaraba. Wasu iyayenmu maza ma a masaƙun Kakuri suka yi aikinsu kafin a rufe su. To yanzu hanya ta juyo. A 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta, yaranmu da yawa suka dawo, wani da babur, wani hannu rabbana. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya tashi, mudun masara ya tashi, masu gidan haya su ma suka ƙara. A 2024 an mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, amma mai koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi da mai tsaron shago ba kowannensu ke ganin wannan kuɗin ba.

Ba labarin wasu za mu ba ku ba, a gidanmu aka yi. Ɗanmu na fari yana da difloma, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Aka yi biki, muka kai amarya ɗaki ciki da falo, muka jera mata kaya, muka dawo muna ta alfahari. Ba a rufe shekara ba ya kira ya ce, "Umma, albashin a mota yake ƙarewa, ga mai gida ya ƙara haya." Babansa ya ce su dawo. Aka share masu ɗakin da muke ajiye buhuna, aka shafa farar ƙasa. Gadon amarya ya shiga da ƙyar, kujerunta kuwa a zaure suka kwana har wata biyu.

Ga yadda ranarsu take tafiya, kuma mun san da yawanku za ku gane ta. Da asuba ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, ya ɗauki ambulan ɗin takardunsa ya hau motar Zariya. Wata rana sakatariyar ƙaramar hukuma, wata rana shagon kwamfuta wajen cike fom ta intanet, a biya kuɗin fom, a biya na hoto, a biya na mota. Ya dawo da la'asar fuska a murtuke, a ce masa yaya, ya ce "sun ce za su kira". Ita kuwa ta share ɗaki, ta yi wanke-wanke, ta zauna da waya a hannu. Ba ta da tukunyarta, abin da muka dafa shi za ta ci. Ko sabulu take so sai ta jira miji, mijin kuma sai ya jira babansa.

Ana cikin haka wani mutum ya ce yana da hanya a wata ma'aikata, a kawo kuɗi a ba yaro takardar kama aiki. Yarinyar nan ta cire 'yan kunnenta da sarƙar da uwarta ta saya mata, ta ba mijinta ya sayar, ba wanda ta gaya wa. Aka kai kuɗi. Takarda ta zo, da aka kai ta ofishin sai aka ce ta bogi ce. Mutumin kuma wayarsa a kashe har yau.

To a nan ne mu muka yi namu laifin, kuma za mu faɗe shi a gabanku. Maimakon mu ja ta a jiki, sai muka fara ƙirga mudu. Muka fara cewa tun da yarinyar nan ta shigo abu ya ƙi gaba. Facalolinta suka samu abin yi, in ta wuce a yi tsaki, in ta yi kwalliya a ce da kuɗin wa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ranar wata Asabar muka dawo daga kasuwa muka tarar ta yi yaji, ta tafi gidansu da ciki wata huɗu. Da muka je biko ne uwarta ta gaya mana maganar sarƙar. Wallahi ranar kunya ta hana mu ɗaga kai. Yarinyar da muke cewa ta zo ta cinye mana abinci, ashe ita ce ta sayar da abin wuyanta don ɗanmu.

Alhamdu lillahi ta dawo, ta haihu lafiya, kuma tana cikin wannan taro, ita ta ce mu faɗa. Amma mun san gidajen da ba a dawo ba. Aure wata takwas, wata goma, ya mutu, ba don ba sa son juna ba, sai don babu da kuma bakin dangi. Wannan shi ne abin da muke so mu duba yau. Zama kusa da dangi rufin asiri ne, ba haya, ba a kwana da yunwa, in haihuwa ta zo ga masu wankan jego. Amma in ba mu yi hankali ba, mu da muka kira su gida mu ne za mu raba su.

Abu uku muka koya, za mu faɗe su yadda muka gan su.

Na farko, a ba amarya tukunyarta. Ko da daga rumbunmu za a auna masu, a auna na mako ko na wata a miƙa mata, ta dafa abin da ita da mijinta suke so, ta san yadda za ta tattala. Ko kara ne a ja masu ɗan shinge, su samu inda za su yi maganarsu ba kunnen uwar miji. Mu da muka yi haka, rabin rigimar gidanmu ta mutu a mako ɗaya. Kuma in sun saɓa, kada mu zama alƙalai tun ba a kawo mana ƙara ba.

Na biyu, maganar aikin ango. Mu iyaye mu ne muke sa wa yaran nan kunyar aikin hannu. Mun biya kuɗin makaranta da kuɗin ƙuli-ƙuli da na daddawa, sai muke ganin in ba ofis ba to asara muka yi. Ba mu ce a daina nema ba, a ci gaba da kai takarda. Wanda ya yi makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke nan Makarfi ya nemi asibiti, mai takardar malanta ya nemi aji. Amma kafin kiran ya zo, ƙasarmu ba ta rasa abin yi ba. Raken Makarfi har kudu ake lodinsa, kuma daga sara zuwa ɗauri zuwa lodi zuwa dafa mazarƙwaila duk hannu ake nema. Kudan ta yi suna da inabi, har daga wasu jihohi ake zuwa sari. Ikara da kewayenta ga tumatir da tattasai da albasa na noman rani. Kamfanin tumatir na Ikara tun 1981 yake, ya yi aiki ya tsaya ba sau ɗaya ba, don haka ba za mu ce yaro ya zauna jiran ƙofarsa ba. Ɗanmu da babansa ya yanka masa gayauna a fadama, ya yi lambu, da rana kuma yana rubuta wa wani dillalin rake lissafin lodi, abin da ya samu a rani ɗaya ya fi abin da yake tsira da shi a Kaduna bayan an cire mota da haya. Ba mu ce noma ba shi da haɗari ba. Duk mun tuna 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Shi ya sa ba a zuba jari duka a abu ɗaya. Sannan mu ja kunnen 'ya'yanmu, duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya ba da aikin gwamnati, a zo a yi shawara da manya kafin a fitar da ko sisi.

Na uku shi ne namu na ƙungiya, wato ita amaryar. Mun saba sai mace ta haihu biyu uku sannan mu ce ta shigo adashi. Muna ganin wannan kuskure ne. Lokacin da ta fi bukatar jari shi ne shekarar farko, kafin ta fara sayar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Kuma sana'ar da za ta yi daga cikin gida tana da yawa. In tumatir ya yi araha da rani, har ana barin kwando a gona, ta saya ta yanka ta shanya kauɗa, ta ajiye zuwa damina lokacin da ɗanye ya yi tsada. Ga awara, ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga ɗinki da kitso da lalle, ga kiwon akuya ko kaji.

Kada kuma mu ɗauka taimako kawai za mu yi masu. Mu ma muna bukatarsu. Yawancin yaran nan sun gama sakandare, wasu har gaba. Kun tuna farkon 2023 da aka canza kuɗi, takardar naira ta ɓace, mai saye ya ce zai tura ta waya, mu kuma ba mu san yadda ake duba ko kuɗi sun shigo ba? Da yawanmu mun yi asara a lokacin. Mu da muka yi yaƙi da jahilci mun iya rubuta suna da lamba, amma a hankali muke yi. Surukarmu yanzu ita ke riƙe mana littafin bashi, ita ke duba saƙon banki, kuma muna biyanta ladanta duk ranar kasuwar Makarfi, ba kyauta ba. Tun da ta karɓi littafin nan ba a ƙara musa mana bashi ba.

Don haka, Hajiya Shugaba, muna roƙon a sa abu uku cikin abin da za a tattauna a zama na gaba. A buɗe wa amare ƙofar shiga ƙungiya tun shekararsu ta farko, da zubi ɗan kaɗan daidai ƙarfinsu. A ware wani abu daga asusu don ba su rancen jari ba ruwa, kuɗin kuma a hannun amaryar za a sa shi, da sanin mijinta, ba a hannun uwar miji ba, ba kuma don biyan bashin biki ba. Sannan kowace amarya a haɗa ta da uwar ɗaki ɗaya daga cikinmu wadda ba danginta ba ce, ba dangin mijinta ba, ta koya mata sari da awo da fitar da riba daga uwar kuɗi, ta kuma zama wadda za ta iya kai wa kuka.

Mun san za a ce, in ba su biya ba fa? Tambaya ce mai kyau, kuɗin nan guminmu ne. Shi ya sa muka ce a fara da kaɗan, mutum biyu ko uku a kowane gari, uwar ɗaki ta tsaya mata, in shekara ta zagayo a zo nan a karanta mana abin da ya faru. In bai yi ba mu gyara. Mu ma da aka fara ba mu rance, ba wanda ya tabbata za mu biya.

Ku kuma mazajenmu, iyayen angwaye, muna roƙo da girmamawa, in yaro ya dawo a yanka masa gonarsa, ya san abin da ya noma nasa ne, ya ciyar da matarsa da hannunsa. Ku angwaye, in an dawo daga neman aiki ba a dace ba, kada a sauke fushin a kan 'yar mutane. Ku amare, ku yi haƙuri da mu, mu ma an taɓa kawo mu gidan wasu muna kuka, sai dai mun manta.

Allah Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, Ya zaunar da su lafiya a ɗakunansu, Ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka, Ya nuna mana baɗi da rai da lafiya. Abin da muka faɗa ba daidai ba a yafe mana.