Haƙuri da Dariyar Yaƙe

(Jawabin da aka yi wa taron ɗalibai 'yan ƙasar Zuru)



Mu mutanen ƙasar Zuru an san mu da jimiri. Saurayin Dakarkari yakan yi shekaru, har bakwai, yana golmo a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Da wuya a sami barikin soja a Nijeriya da babu ɗan Zuru a ciki. Wannan abin alfahari ne. To amma jimirin nan ya zo mana da wata ɗabi'a, wato ɗaukar cewa namijin duniya ba ya kuka, kuma amsar kowace gaisuwa ita ce "lafiya lau", ko da zuciya tana tafasa.

Mu duba abin da ya sami ƙasarmu. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka rasa rayukansu. A watan Nuwamba na 2025 aka sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga. A ɗakin nan akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa, akwai waɗanda gonar gidansu ta koma daji. Me muke ce musu in sun dawo makaranta? "Manta kawai, ka saki ranka." Niyyarmu kyakkyawa ce, sai dai mun ɗora musu kaya biyu: ga baƙin ciki, ga kuma kunyar nuna shi.

Wannan aƙida ta tilasta wa kai fara'a ta sami gindin zama a Amurka tun 1952, sa'ad da Norman Vincent Peale ya wallafa littafinsa a kan ƙarfin kyakkyawan tunani, ta kuma iso mu ta bakin masu laccar neman nasara. Masana halayyar ɗan'adam na can ne suka fara gano inda ta gaza. A 1987 Daniel Wegner ya umurci wasu ɗalibai da kada su tuna da wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara har minti 5, su buga ƙararrawa duk sanda ta faɗo musu a rai. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara kuwa, sun fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna ta. Dalili shi ne, zuciyar da aka sa gadin wani tunani dole ta riƙa leƙa shi don ta ga ko ya tafi. Kafin nan, a 1986, James Pennebaker ya sa wasu ɗalibai rubuta abin da ya fi ɓata musu rai a rayuwa, minti 15 kullum har kwana 4. A ranakun rubutun ransu ya ɓaci ƙwarai, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin jami'a bai kai na sauran ba.

Iyayenmu ba su jira wannan bincike ba. Sun ware kwanakin zaman makoki domin kada mai rashi ya zauna shi kaɗai, kuma ba wanda ke zuwa gidan mutuwa ya ce a yi dariya. Musulminmu da Kiristanmu duk sun san labarin Annabi Yakubu, wanda ya yi shekaru yana juyayin rabuwa da Yusufu, ba a kuwa taɓa cire shi daga sahun masu imani ba. Ashe haƙuri shi ne mutum ya san ciwo na cin sa, ya kira shi da sunansa, sa'an nan ya hana shi kai shi ga aikin da-na-sani. Dariyar yaƙe kuwa rufe miki ce ba a wanke ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a rungumi baƙin ciki a bar karatu da aikin ofis ba. Mutum na iya cewa "raina a ɓace yake" ya kuma shiga aji. Haka nan fushi yana da amfaninsa, domin al'ummar da aka koya wa murmushi a kan kowace musiba ba za ta tambayi hukuma inda tsaro ya shiga ba.

Saboda haka muna roƙon abu uku. In abokinka ya fara faɗin damuwarsa, ka saurare shi har ya kai aya kafin ka ce "yi haƙuri". In kai abin ya sama, ka faɗa wa wanda ka amince da shi, ko ka rubuta a takarda. In kuwa makonni suka shuɗe babu barci, babu cin abinci, ko mutum ya fara ganin rayuwa ba ta da amfani, to maganar ta zama ta likita, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kada mu koya wa fuskokinmu ƙarya, har ƙannenmu su rasa inda za su karanta gaskiyar halin da muke ciki.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.