Rufe Gindin Dashe: Yatsu Huɗu Sun Isa

Maganarmu ta yau a kan dashe ce: mangwaro mai aure, gwaiba, lemo, har da furannin da ake ƙawata ƙofar gida ko makaranta da su. Kowa ya sani, a nan ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi bazara ce ke kashe dashe. Daga watan Maris zuwa Mayu, in ka ba shi ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau.

Maganin wannan shi ne ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ko ganye, ko ɓawon gyaɗa, ko karan dawa da aka sassara. Fara jiƙa ƙasar sosai tukuna, sa'an nan ka shimfiɗa.

Amma fa abin da awo. Jera yatsunka huɗu, kaurin ke nan, wajen inci 3. In bai kai haka ba, rana za ta ratsa, haki kuma ya tsiro. In ya zarce, ruwan da ka ɗebo da wahala sai ya tsaya a cikin ciyawar, bai kai ga saiwa ba. Kai kana ganin ka yi ban-ruwa, alhali dashe na fama da ƙishirwa.

Masu shinkafa a fadamun gulbin Zamfara, ku lura. Buntu yana danƙarewa, saboda haka yatsu biyu sun ishe shi. A sama za a bar shi, kada a cuɗa shi da ƙasa, don in yana ruɓewa a ciki sai ya janye abincin shuka, ganye ya yi rawaya.

To, ga inda aka fi yin kuskure. Wani sai ya tula ciyawa a jikin itacen, wai gata yake yi masa. Wannan ba gata ba ne. Laima za ta ruɓar da ɓawon, ga shi ka yi wa gara gada har bakin abincinta. Bar fili kamar faɗin tafin hannunka kewaye da itacen, shimfiɗar kuwa ta kai iyakar inda inuwar rassa ta tsaya.

Kowane mako ka ɗaga ciyawar da sanda, ba da hannu ba, saboda kunama. Tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ruwa ya jira gobe. In ka ga gara ta doshi itacen, janye ciyawar baya. Ruwan damina na zaunawa, sai ka rage kaurin da rabi.