Gidajen gona a kulle, baƙi a soro

Duk lokacin Sallah ko biki, 'yan Birnin Kudu da Gwaram mazauna Kano da Abuja kan dawo gida da iyalansu. Gidan gado ya cika maƙil, mata su cushe ɗaki ɗaya, samari su kwana a soro. A bayan gari kuwa ga gidajen gona na masu hali, an katange, an haƙa rijiya, sai maigadi da talotalo. Me zai hana a riƙa ba da su haya ga baƙi?

A Faransa, tun 1955 ƙungiyar Gîtes de France ke haɗa mutanen karkara da masu neman hayar tsofaffin gidajen da aka gyara. Mu ma muna da abin nunawa: zanen kan dutse na Dutsen Habude da Dutsen Mesa ya isa ya jawo ɗalibai mota guda.

Na san za a ce karɓar kuɗin baƙo abin kunya ne. To, ai otal a Dutse ba kyauta yake ba. Amma kafin a karɓi ko sisi, a tanadi sola, da banɗakin mata daban, da gidan sauro, da tsaro, a kuma gyara hanyar da mota za ta bi da damina.